Ɗan ƙwaya majinyaci ne, mu kai shi asibiti

Ya ku iyaye da malamai da masu unguwanni, rufa-rufa ta isa haka. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya suka gudanar a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna shaye-shaye, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Waɗannan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, har da matan aure a ɗakunansu.

Mu san abin da muke yaƙa. Kodin da tiramol suna sauya aikin ƙwaƙwalwa. Yaro kan fara da ƙwaya ɗaya don ya jure lebura ko ya manta damuwa, jiki ya saba, ɗaya ta daina yi masa, ya koma uku, ya koma biyar. Ranar da ya rasa sai gumi da amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa. A nan ya daina neman daɗi, azaba yake gudu. Shi ya sa zai rantse da safe ya daina, da yamma ya sace kuɗin cefane.

Duka da mari ba su taɓa warkar da wannan ba. A 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawa a cikin sarƙa. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da Dawanau da Kware da Maiduguri, inda likitoci ke raba jiki da ƙwaya sannu a hankali. Ku kai su can. In sun sake komawa ga ƙwaya, ku sake kai su, haka cutar take. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Fushinmu kuwa ya tafi kan dillalai. Tun Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma har yau akwai masu sayarwa a ɓoye. Kun san kemis ɗin, kun san ɗan siyasar da ke raba wa matasa ƙwaya ranar gangami. Ku kai rahoto ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA. Limamai ku faɗa a huɗuba, masu sana'a ku ɗauki wanda ya warke aiki. Ku fara yau, daga gidajenku.