A bar wa dokin gida ajinsa



Tun bayan zamanmu na ƙarshe ake ta ja-in-ja kan shawarar da wasu masu dawaki suka kawo, cewa a sukuwar Sallah mai zuwa a bar talon, wato ruwa-biyu, su shiga ajin dokin gida. Hujjarsu ita ce dawakin da ke fitowa sun yi kaɗan, 'yan kallo kuma gudu suke son gani. Mun ji, kuma magana ce abar dubawa. Amma mu dai ba mu goyi baya ba.

Ba banza ba manyan filayen sukuwa a ƙasar Hausa suke raba dawaki aji-aji: na Arewa daban, talon daban, na Sudan daban. In aka jera dogon doki mai faɗin taki da na gida, an san mai ɗaukar kofi tun ba a saki linzami ba. To wanda ya shekara yana sayen dusa da harawa da kanwa daga ɗan abin da yake samu, me zai dawo da shi baɗi? Sayar da dokin zai yi, filin ya koma na masu hannu da shuni su kaɗai.

Irin wannan ta faru a tseren motoci a Amurka. A 1970 hukumar NHRA ta buɗe ajin Pro Stock domin motoci masu kama da waɗanda kowa ke saye, suna tsere a miƙaƙƙen titi na kimanin mita 400. Sannu a hankali kamannin ya tsaya a jiki kawai, ciki kuwa ƙira ce ta musamman mai ɗan karen tsada. Masu ƙaramin ƙarfi suka janye, kusan kowa ya koma Chevrolet Camaro. A 2016 aka cire kafireto, aka ƙayyade juyin inji a 10,500 cikin minti ɗaya. A 2019 kuma aka rage wasannin ajin daga 24 zuwa 18. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Shawararmu uku ce. Na farko, a buɗe wa talon nasu ajin, ko da dawaki huɗu ne suka fito. Na biyu, a yi wa kowane doki rajista, likita ya auna tsayinsa, ya duba haƙora da alamominsa. Ai Vom ba ta rasa likitocin dabbobi ba, tun 1924 cibiyar bincikensu take garin nan. Na uku, duk dokar da za a sauya a sanar tun da sauran watanni, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai wani ra'ayi ya zo zama na gaba ya faɗa a gaban kowa. Allah Ya sa a yi Sallah lafiya.

Sakataren ƙungiya