An san mai bindigar, ba a san wanda aka harbe ba

Yau zancenmu na wani hoto ne da aka ɗauka a lokacin yaƙin duniya na biyu. Wani mutum ne durƙushe a bakin rami cike da gawawwaki, a bayansa wani Bajamushe mai tabarau ya auna masa bindiga a ƙeya, sojoji kuwa sun yi cirko-cirko suna kallo.

Duniya ta fara ganin hoton nan a 1961, lokacin da ake shari'ar Adolf Eichmann a birnin Ƙudus. Wani Bayahude da ya tsira daga sansanin ƴan Nazi, mai suna Al Moss, shi ne ya fito da shi. Daga nan aka laƙaba masa suna "Bayahuden ƙarshe na Binitsa", wani gari a ƙasar Yukren. Shekara wajen 60 ana buga shi a littattafai da wannan suna, alhali kuwa ba a Binitsa aka ɗauke shi ba.

Wanda ya gyara kuskuren shi ne Jürgen Matthäus, masanin tarihi da ya yi aiki a gidan tarihin kisan Yahudawa na birnin Washinton. Cikin littafin da wani sojan Jamus ɗan Ostiriya, Walter Materna, yake rubuta abin da ya gani kullum, an sami kwafen hoton, an rubuta wuri da rana a bayansa. Aka gwada gine-ginen da ke cikin hoton da waɗanda ke tsaye yau, sai ta tabbata cewa a garin Berdicef ne, ranar 28 ga Yuli 1941.

Da labarin ya bazu, sai wani ya ce mai bindigar ya yi kama da wani dangin matarsa. Aka kawo hotunan gida, aka gwada fuskoki da kwamfuta, aka bi takardu. A 2025 Matthäus ya faɗi sunan: Jakobus Onnen, haifaffen 1906, malamin makaranta mai koyar da Faransanci da Ingilishi da wasan motsa jiki. An kashe shi a fagen daga a 1943, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Nan ne abin dubawa, musamman ga ma'aikata. Mai kisan ba jahili ba ne, ya riƙe alli, ya san doka. Kuma abin da ya sa aka gano shi, yana da dosiye, yana da dangi da suka rayu suka adana hotunansa. Wanda ke durƙushe fa? Masu kisan ba su rubuta sunansa ba, waɗanda za su gane fuskarsa kuma galibi tare aka hallaka su. Cikin Yahudawa miliyan 6 da aka kashe, cibiyar Yad Vashem ta sanar a 2025 cewa ta tattara sunayen miliyan 5. Saura kimanin miliyan guda.

Wani zai ce mene ne amfanin gyara sunan gari bayan shekara 80? Ɗan kasuwa ya san amsa: rasit mai kuskure ɗaya shi ne abin da mai musun bashi yake nema. Masu cewa kisan bai faru ba, da irin wannan kuskure suke fakewa. Yanzu an san wuri, an san rana, an san mai hannu. Sunan mutumin da ke bakin rami ne bashin da ya rage.