Wasiƙa Ga Makanikai Da 'Yan Bumburutu: A Raba Baki Da Tiyo

Zuwa ga iyayen gidana makanikan mota da na babur, da masu gyaran janareta, da 'yan'uwana masu sayar da mai a galan, waɗanda a Kano da Kaduna ake ce wa 'yan bumburutu, a Maraɗi da Damagaram kuma 'yan ruwa-ruwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsotsar tiyo. Kowannenku ya san yadda ake yi: a zura tiyo cikin tanki, a kafa baki a ja, in mai ya taso a tofar a mayar da bakin tiyon cikin jarka. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, daga baya ma ta haura dubu, babu mai motar da zai yarda a sauke masa tanki ba a juye man da ke ciki ba. Aikin juye mai ya ƙaru ke nan, kuma galibi yaran gareji ake sa wa.

Da yawanku kuna ɗaukar cewa haɗarin fetur a ciki yake, shi ya sa in mutum ya kurɓa sai a shiga neman yadda za a fitar da shi. Gaskiyar magana, ɗan abin da ya sauka cikin tumbi da wuya ya wuce tashin zuciya da gyatsa mai wari da gudawa. Inda yake ɓarna shi ne huhu. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska, kuma mai tsotsar tiyo da numfashi yake ja, wato ƙofar iska a buɗe take lokacin da man ya taso. Da zarar ya ƙware, man ya bi ta can.

Fetur da kananzir da tina da man gas ba su da kauri, ga saurin yaɗuwa. Ku ɗiga kananzir a kan takarda ku ga yadda ɗigo ɗaya ke mamaye wuri. Haka yake yi a cikin huhu. Abin da bai kai ƙaramin cokali ba ya isa ya jawo ciwo. Huhu cike yake da miliyoyin 'yan ƙananan jakunkunan iska, kowace an shafe cikinta da wani ruwa mai santsi da ke hana ta manne. Mai yana narkar da wannan ruwa, ya ƙona fatar jakar, sai ta rufe ko ta cika da ruwa da jini. Daga nan iskar da ake shaƙa ba ta isa ga jini yadda ya kamata. A wajen masu tsotsar tiyo likitoci sun fi ganin ciwon a tsakiyar huhun dama, saboda a sunkuye ake aikin. Baƙin mai, saboda kaurinsa, bai kai waɗancan saurin shiga huhu ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne jinkirin ciwon. Yaro zai ƙware, ya yi tari na ɗan lokaci, idonsa ya kawo ruwa, ya kurkure baki ya koma ƙarƙashin mota. Sai bayan wasu sa'o'i zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya ɗauki suka, numfashi ya koma sama-sama. A gida a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika kemis. Hoton ƙirji ma in an ɗauka da wuri yakan fito lafiya ƙalau, shi ya sa a asibiti akan sa ido a kan mutum na tsawon sa'o'i shida kafin a sallame shi.

Idan abin ya faru a wurin aikinku, kada ku sa kowa ya yi amai. Ba a zura yatsa a maƙogwaro, ba a ba da ruwan gishiri. Man da ya sauka ciki lafiya, in aka taso da shi ya samu dama ta biyu ta faɗawa huhu. Manja da madara da ake ɗura wa mutum ba sa karya komai, amai suke jawowa, kuma manjan kansa in ya shiga huhu wani ciwon ne daban. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Ku fitar da wanda ya kurɓi man inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da taba, ya kurkure baki ya tofar, a cire rigar da ta jiƙe, a wanke jiki da sabulu. In amai ya zo da kansa, a kwantar da shi a gefe ɗaya. Tarin da ya ƙi tsayawa, ko haki, ko ciwon ƙirji, ko magagi, ko leɓe ya canza launi, duk wanda aka gani a cikinsu sai asibiti nan take. Ku faɗa wa likita abin da ya shiga da lokacin da ya shiga, don in an ɓoye zai ɗauka nimoniya ce irin ta yau da kullum. Babu wata allura da ke wanke mai daga huhu. Abin da ake yi shi ne tallafa wa numfashi da iskar oksijin har huhun ya farfaɗo. Mafi yawa suna warkewa cikin kwanaki, wasu kuma ciwon yakan bar musu ƙurji ko kogo a huhu su yi makonni suna jinya, akwai kuma waɗanda ba sa tashi.

Na san amsar da wani oga zai ba ni: shekara ashirin yana ja bai taɓa kwanciya ba. Allah ya ƙara tsarewa, amma Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma yaron da ya zo koyo jiya bai san lokacin da ake zare baki ba. Ban da haka, fetur na ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, kuma ta numfashi da fata yake shiga a hankali. Wanke hannu da fetur kafin cin abinci shi ma ya kamata a daina.

Mafita ba ta da tsada. Famfon hannu na roba, mai ƙwallo a tsakiya da ake matsawa, yana nan a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa da Panteka. In babu, a samu doguwar tiyo mai nuna abin da ke ciki, a nutsa ta cikin man, a toshe bakin da babban yatsa, a zaro a saukar ƙasa da tanki a saki. Kafireto ma ba da baki ba, da iskar famfo ake hure shi. Masu fenti su guji fesawa a rufaffen shago, su kuma san cewa ƙyalle a hanci ba ya tare tururin tina, sai takunkumi mai matatar gawayi.

Sai maganar gida. Kananzir ko fetur a gorar ruwa ko kwalbar lemo shi ne hanyar da wannan ciwo ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, don ƙishirwa suke ji su ɗauka su kafa kai. Ku da ke sayarwa, ku riƙa ja wa mai saye kunne. Ku da ke kai ragowa gida, a zuba a jarka mai murfi a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin ƙungiyoyinku ne, irin su NATA, da kowane mai gareji. Iyayen da suka kawo muku yara amana suka ba ku. Ku sa doka a taronku na gaba cewa ba a ƙara sa yaro ya ja mai da baki, kuma kowane shago ya mallaki famfo kamar yadda ya mallaki sifana.

Allah ya kiyaye mu da ku. Wassalam.

Ɗan'uwanku, wani ma'aikacin lafiya