Zance da Iyaye: Gicciyen da Aka Cinna wa Wuta

Iyaye da yawa sukan tambaye mu ko daidai ne su bar 'ya'yansu su riƙa karanta littattafan nan na zane-zane masu labarin jarumai, su Superman da 'yan'uwansa, ko su kalle su a telebijin. Amsarmu ita ce, akwai tsaba a ciki, akwai kuma ƙaiƙayi mai yawa. Amma a wannan wata muna so mu ɗauki abu guda wanda ya shafe mu kai tsaye, gama a cikin waɗansu littattafan nan, mugun da jarumi yake yaƙa gicciye yake ɗauke da shi.

A ƙasar Amurka akwai wata ƙungiyar asiri mai suna Ku Klux Klan. An kafa ta a 1865, bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, aikinta kuwa shi ne razana baƙaƙen fata waɗanda suka sami 'yanci. Ta mutu, sa'an nan a 1915 wani mutum, William Simmons, wanda ya taɓa yin aikin wa'azi, ya tashe ta. Ya hau wani dutse a jihar Jojiya da dare tare da 'yan mutane kaɗan, suka gina bagade, suka ɗora takobi da tuta da Littafi Mai Tsarki, suka kafa gicciyen itace suka cinna masa wuta. Ina aka buɗe Littafin? Romawa sura 12! Watau surar da take koya mana karɓar baƙi, da zaman lafiya da dukan mutane, da ƙin rama mugunta da mugunta. Wajen 1925 mutanenta sun kai miliyoyi, kowa ya biya dala 10 kuɗin shiga. Suna ƙin baƙar fata, da Yahudawa, da 'yan Katolika, da baƙi. Sukan shiga majami'a ran Lahadi da fararen rigunansu da fuska a rufe, su miƙa wa fasto ambulan na kuɗi, fastoci da yawa kuwa suka karɓa.

Ga wani abu da ya kamata iyaye su lura da shi. 'Yan ƙungiyar na farko ba su ƙone gicciye ba. Wani marubuci, Thomas Dixon, shi ma tsohon fasto, shi ya sa wannan a cikin littafin tatsuniyarsa na 1905, aka mai da littafin majigi a 1915, mutane suka gani suka kwaikwaya. Ashe labari ba abin wasa ba ne. Abin da aka gani a hoto shi aka je aka yi a ƙofar gidajen mutane.

To, da labari kuma waɗansu suka tasam mata. Samari biyu da suka ƙago Superman, wanda ya fara fitowa a 1938, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawa ne masu ƙaura. Ba mamaki jaruminsu baƙo ne, jariri da iyayensa suka sa a ɗan jirgi suka sake shi domin ya tsira, wata mace ta tsince shi ta goya. Kowane ɗan makarantar Lahadi zai tuna da Musa. Joe Simon da Jack Kirby, su ma Yahudawa, suka zana Captain America yana naushin Hitila a bangon littafi a Disamba 1940, shekara guda kafin Amurka ta shiga yaƙi, har masu goyon bayan Hitila a Amurka suka riƙa aika musu da saƙon barazana.

Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne na 1946. A lokacin ana wasan Superman a rediyo domin yara, sai masu shirin suka yi labari mai kashi 16 a kan wata ƙungiya da suka kira Ƙungiyar Gicciye Mai Wuta. Ba su ambaci sunan Klan ba, amma kowa ya san inda aka nufa. Wani marubuci, Stetson Kennedy, wanda ya kutsa cikin 'yan Klan a Jojiya, yana cikin waɗanda suka ba su bayanin al'adun ƙungiyar. Labarin ya fara da ƙaramin abu ƙwarai. Wani yaro, Tommy Lee, ɗan wani likita mutumin Sin, ya fi wani yaro mai suna Chuck iya jefa ƙwallo, aka ba shi matsayin Chuck a ƙungiyar wasa. Ran nan ƙwallon Tommy ta bugi Chuck, ba da gangan ba. Chuck ya koma gida da fushi ya faɗa wa kawunsa, kawun nan kuwa shugaba ne a ƙungiyar asirin. Ya juya maganar, ya sa yaron ya tsaya a gaban taro ya ce da gangan aka jefe shi. Daga nan aka ƙone gicciye a ƙofar gidan su Tommy, aka kuma sace shi.

Superman ya ceci yaron, wannan ba abin mamaki ba ne, aikinsa ke nan. Amma ta yaya ya san inda zai nufa? Chuck ne, wanda lamirinsa ya hana shi barci, ya ɗauki tarho jikinsa na rawa ya tona asirin kawunsa. Sa'an nan kusa da ƙarshe, kawun ya je wurin babban shugaban ƙungiyar neman taimako, shi kuwa ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa shi kasuwanci yake yi, kuɗin shiga da kuɗin riguna yake tarawa, ƙiyayyar kuwa tarkon kama wawaye ce. Yaran da suka ji wannan, waɗansunsu iyayensu na da irin rigar nan a ɓoye cikin akwati. Mu dai muna ganin ba'ar nan ta fi naushi zafi. Ƙungiyar asiri da tsoro take ci, in yara suka fara yi mata dariya a filin wasa, kwarjininta ya ragu.

Bayan shekara 30, a 1976, Don McGregor ya rubuta labarin da ya kai Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta tatsuniya, jihar Jojiya, inda 'yan Klan suka ɗaure shi a kan gicciye mai cin wuta. Mai zanen wani baƙar fata ne mai suna Billy Graham. A'a, ba mai bisharar nan da kuka sani ba, suna ne ya zo ɗaya.

Akwai kuma wanda zai ɓata wa waɗansu 'yan'uwa rai. A 1982 Chris Claremont ya rubuta labarin jaruman da ake kira X-Men, mutanen da aka haifa dabam da sauran jama'a, mugun labarin kuwa wani mai wa'azi ne a telebijin, Stryker, wanda yake jawo ayoyi domin ya nuna cewa a hallaka su. Wani zai ce wannan cin mutuncin ikkilisiya ne. Ba mu yarda ba. Wanda ya san labarin Simmons da Dixon ba zai ce marubucin ya yi mana ƙage ba. Ban da haka, a cikin jaruman akwai wani mai kama da aljani, da wutsiya, shi ne kuwa mai bi na gaske mai yawan addu'a. Wanda ya tsai da mai wa'azin a ƙarshe ɗan sanda ne kawai, sa'ad da ya ga ya auna yarinya da bindiga.

Kada mu yabi littattafan nan fiye da kima. A zamanin yaƙi su ma sun zana mutanen Japan da na Afirka da siffofin reni. Superman kuma bai kashe Klan ba. Ran 15 ga Satumba 1963, shekara 17 bayan wasan rediyon, 'yan Klan suka dasa bam a wata majami'ar Baptis a Birmingham ta jihar Alabama, 'yan mata huɗu suka mutu da safiyar Lahadi. Naushi yana iya tsai da hannun mugu, amma ba ya sāke zuciya, yaro kuwa in ba a yi zance da shi ba, naushin kaɗai zai ɗauka.

Saboda haka in kun zauna da 'ya'yanku a kan irin labarin nan, ku tambaye su wane ne ya fi ƙarfin hali, wanda harsashi ba ya huda shi, ko yaron da ya tona kawunsa? Ɗanku ba zai tashi sama ba, amma matsayin Chuck zai same shi, watakila a cikin gidanku. Mu malamai mun sani, sa'ad da yaro ɗan aji uku ya ce ba zai zauna benci ɗaya da wane ba domin kabilarsa ko addininsa, ba a littafin zane ya koya ba. A bakin murhu ya ji, ko ran da aka hana yayarsa auren wani mai bi domin yarensa dabam. Ku karanta musu Littafin Ƙidaya sura 12, su ga abin da ya sami Maryamu sa'ad da ita da Haruna suka yi gunaguni a kan matar Musa mutuniyar Kush.

Wanda yake neman inda zai fara, an sāke rubuta labarin 1946 ɗin a littafin zane mai kashi uku a 2019 da 2020, da Turanci mai sauƙi, sunansa Superman Smashes the Klan. Marubucin, Gene Luen Yang, ɗan masu ƙaura ne 'yan asalin Sin, Kirista ne, ya kuma yi shekaru yana koyar da ilmin kwamfuta a wata makarantar Katolika a Kalifoniya. A littafin nan Tommy yana da ƙanwa mai suna Roberta, ita ce ma ta riƙe labarin, don haka kada a miƙa wa 'yan maza kaɗai.