Mai Neman Rabuwa Da Giya Ya Nemi Abokan Zama

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wani ma'aikacin gwamnati ya aiko mana da takarda ba suna, yana cewa ya daɗe yana shan giya a ɓoye, ya tuba ya koma har ya daina ƙidayawa. Ya ji labarin ƙungiyoyin mashaya masu taruwa domin su taimaki juna su bari. Yana tambaya ina zai same su, kuma ko ya halatta Musulmi ya faɗi zunubinsa cikin mutane.

Haramcin giya ba abin jayayya ba ne, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta yanke magana, mai tambaya kuwa ya sani. Abin da ya rasa shi ne abokan zama. Ma'aikacin da ya saba zarcewa kulob in an tashi daga ofis, ko falken da yake da inda yakan yi hira in ya sauke kaya a Legas, ran da ya bar kwalba ya bar majalisarsa ke nan gaba ɗaya. Daga la'asar zuwa lisha sai ya rasa inda zai sa kansa. Ku tuna da mutumin nan da ya kashe rai ɗari, a hadisin Buhari da Muslim. Malamin da ya nuna masa ƙofar tuba a buɗe take bai tsaya nan ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutane masu bauta wa Allah.

Mafi shahara cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce Alcoholics Anonymous, watau mashayan da ba a bayyana sunansu, ana taƙaita ta da AA. An kafa ta a 1935 a garin Akron na Amurka, sa'ad da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa wanda giya ta kama ya fi jin maganar wanda ta taɓa kamawa. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a kiran mutum da cikakken sunansa, abin da aka faɗa a zaman kuma ba ya fita waje. Sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari, wanda zai kira in sha'awa ta taso masa. Suna bin matakai 12, a ciki har da amsa cewa abin ya fi ƙarfin mutum, da yi wa kai hisabi, da mayar da haƙƙin waɗanda aka cuta. Ɗalibin da ya karanta sharuɗɗan tuba ba zai ji waɗannan baƙi ba.

Sai dai akwai abin lura. Ƙungiyar ta tsiro ne cikin Kiristoci, sau da yawa a harabar coci ake zama, wani lokaci kuma a rufe da addu'arsu. Don haka ne wasu Musulmin Amurka suka kafa tasu a Baltimore a 1989, mai suna Millati Islami, suka ɗora matakan bisa Alƙur'ani da Sunna. A ganinmu, inda babu ta Musulmi, zama da waɗancan ya fi komawa mashaya. In sun ambaci wani iko da ya fi mutum ƙarfi, ya ƙudurta Allah Shi kaɗai. In sun shiga addu'arsu ya yi shiru.

Game da faɗin zunubi kuwa, gaskiya ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi mai tsanani ga wanda Allah ya rufa wa asiri da dare, gari ya waye ya tona kansa. Amma wannan yana kan mai ba da labarin saɓo don alfahari da rashin kunya. Mai faɗa wa amintattu don neman mafita kamar majinyaci ne gaban likita. Ya faɗi gwargwadon bukata, kada ya ambaci sunan kowa.

To, ina za a same su? A fara da likita, kuma wannan ba wasa ba ne. Wanda ya yi shekaru yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya, cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya kamuwa da makyarkyata da jijjiga da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Asibitocin masu taɓin hankali na gwamnatin tarayya, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, suna duba masu shaye-shaye, zuwa can kuwa ba ya nufin mutum ya haukace. A nan ne ya kamata ya tambayi likita ko akwai zaman da masu murmurewa suke yi a garin. AA tana kuma yin zama ta intanet, mutum ya shiga da wayarsa daga ɗakinsa.

In duk ba a samu ba, mutum uku sun isa su fara nasu, dare ɗaya a mako a zauren wani mai riƙon amana. Muna roƙon limaman da za a zo wa da wannan bukata su ba da wuri, su kuma kame bakinsu. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa a kan shan giya, da wani ya tsine masa sai Manzon Allah ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mai tambaya kuwa, ya ga likita cikin makon nan kafin ya yanke sha gaba ɗaya.