Kafin Jirgi Ya Tashi

Manomin Musawa da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, in ya ji rugugin jirgi mai saukar ungulu, matuƙi yake yi wa addu'a. Mu ma matuƙin kaɗai muke gani. Alhali tun wajen atisaye, kafin a turo jirgin Katsina, akwai bakaniken da ya kwana kan inji, da mai gwada tsabtar mai, da mai loda harsashi, da mai duban yanayi. Ɗayansu ya yi sakaci, jirgi ya tashi ke nan bai dawo ba.

Tun 1964 muke da mayaƙan sama, makarantarsu ta koyon fasaha kuwa tana Kaduna. To, mu masu rububin kujerar ofis, mu nawa muka nemi shiga?