An Ci Moriyar Ganga

Yau sai kun yi haƙuri da ni, don maganar ƙwallon kwando na zo da ita, wasan nan da dogayen maza suke yi suna jefa ƙwallo cikin raga a saman ƙarfe. Na san wata za ta taɓe baki ta ce ina ruwan biri da gada. To tsaya ki ji tukuna 'yar uwa, in kin kai ƙarshe ranki bai sosu ba sai ki ce na ɓata miki lokaci.

Akwai wata ɗabi'a ta magoya bayan ƙungiyoyin wasa da take ba ni haushi matuƙa. Da zarar ƙungiya ta fara shan kashi, ba wanda zai waiwayi manajan da ya yi mummunan ciniki, ba wanda zai tambayi mai ƙungiya inda ya zuba kuɗi, sai kowa ya juya kan wanda ya fi daɗewa a gidan. Ya tsufa, gwiwa ta mutu, yana cin albashin banza, a rabu da shi a samo yara. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Su kuma masu ofis abin nema ya samu, sai su fake da surutun 'yan kallo su aikata abin da tun asali suke so.

A gasar NBA ta Amurka musaya ake yi da ɗan wasa. Ka ba ni wannan in ba ka wancan, ko kuma in bar maka damata ta zaɓen sabon yaro a shekara mai zuwa. Akwai kuma ƙa'idar da ta yi wa albashin kowace ƙungiya iyaka, saboda haka tsoho mai babban albashi kullum shi ake fara hange in ana neman wanda za a sauke. Wannan hujja ce, ban ƙi ba. Amma bari in ba ki labarin mutum ɗaya ki yi alƙalanci da kanki.

Hakeem Olajuwon ɗan Nijeriya ne, a Legas aka haife shi a 1963. Da ƙuruciya golan ƙwallon ƙafa ne, sai da ya zama saurayi sannan ya fara taɓa ƙwallon kwando. Ya tafi Jami'ar Houston a jihar Texas, a 1984 kuma ƙungiyar garin, Houston Rockets, ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya cikin duk sababbin 'yan wasan shekarar. Michael Jordan da duniya ta sani ma na uku ya zo. Kafin Hakeem, Rockets ba ta taɓa ɗaga kofin NBA ba ko sau ɗaya. A 1994 ya ɗauko mata, bayan wasa bakwai masu zafi da New York Knicks, kuma a wasa na shida, da a ce ƙwallon ƙarshe da John Starks ya jefa ta shiga, shi ke nan kofi ya tafi New York, Hakeem ne ya miƙa hannu ya taɓe ta. A shekarar nan shi ne gwarzon gasa, shi ne gwarzon masu tsaron gida, shi ne gwarzon wasan ƙarshe, uku rigis a kaka ɗaya. A 1995 ya sake ɗauko kofin, suka lallasa Orlando Magic ta su Shaquille O'Neal wasa huɗu a jere ba ko ɗaya. A Fabrairun shekarar, watan da ya zo daidai da Ramadan, yana azumi yana wasa, har da wasannin rana tsaka da bakinsa a bushe, aka zaɓe shi gwarzon wata. Allah sarki!

Ke uwar yara ma akwai abin da ya shafe ki. Lokacin da taurarin wasa suke saka sunansu a takalman da suka haura dala 100, shi yarda ya yi da kamfanin Spalding aka yi nasa a kan kusan dala 35, saboda uwa mai 'ya'ya da yawa ta iya saya ba tare da yaro ya je ya yi sata ba.

To, shekaru suka ja. Daga 1999 jiki ya fara gaya masa, yau tiyata, gobe ciwon numfashi, a 2001 har gudan jini aka gano a jijiyar ƙafarsa, duk da haka ya dawo fili kafin kakar ta ƙare. Ƙungiya kuma ta lalace, a kakar 1999 zuwa 2000 wasa 34 ta ci aka ci ta 48. Nan fa magana ta tashi, a koma gina ƙungiya a kan yara irin su Steve Francis, zamanin tsoho ya wuce.

Wai shin wa ya tsofar da ƙungiyar? A 1996 masu ofis ne suka kwashi samari, Robert Horry da Sam Cassell, waɗanda aka ci kofi biyun nan da su, suka haɗa da wasu mutum biyu suka miƙa wa Phoenix don su karɓo Charles Barkley mai shekara 33. Horry ɗin nan bayan barinsa Houston kofi biyar ya ƙara ci, uku a Los Angeles Lakers, biyu a San Antonio. A farkon 1999 aka kawo Scottie Pippen, kaka ɗaya ya yi, suka yi ta cacar baki da Barkley, ya tattara ya yi Portland. A Disambar shekarar jijiyar gwiwar Barkley ta tsinke. Aka ɗauki wani Kelvin Cato da ake cewa shi ne magajin Hakeem aka ba shi kwantiragin dala miliyan 42, bai taɓa zama abin da aka ce zai zama ba. Cikin duk wannan, wace takarda ce Hakeem ya sa wa hannu? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da ya shekara 17 yana ɗauka.

Da kwantiraginsa ya ƙare a 2001, yana da shekara 38, Rockets ta yi masa tayin dala miliyan 13 na shekara uku. Mutumin da a shekararsa ta ƙarshe kaɗai ya karɓi fiye da miliyan 16. Ya ƙi. Toronto Raptors ta Kanada ta ce za ta ba shi miliyan 18. A watan Agusta aka yi musaya, Houston ta miƙa shi ta karɓi damar zaɓen yara biyu. Ki lissafa da kyau, tsakanin 13 da 18 miliyan 5 ne, a shekara uku. A daidai wannan lokacin suka ba Maurice Taylor kwantiragin dala miliyan 48 na shekara shida, jijiyar agararsa ta tsinke kafin a fara kaka, bai buga ko wasa ɗaya ba a shekarar. Ashe kuɗin akwai su. Tsoho ne dai ba a ga ya cancanta ba.

Me aka samu? A kakarsa ta ƙarshe a Houston sun ci wasa 45. Kakar da ta biyo bayan tafiyarsa 28 suka ci, aka ci su 54. Ban ce rashinsa kaɗai ya jawo ba, rauni ya kwantar musu da mutane, amma waɗanda suka ce shi ne ya tare wa yara hanya sai su gaya mana ina yaran suka je da aka buɗe musu. Yaran biyu da aka zaɓo da damar Toronto, Bostjan Nachbar da Tito Maddox, in kin sami mai tuna su a Houston ki gaishe shi. Kuma daga 1995 har zuwa 2025 Rockets ba ta sake ko leƙa wasan ƙarshe ba.

Na san abin da masu gardama za su ce, kuma ba zan ɓoye shi ba. Za su ce ai a Toronto ma bai yi abin kirki ba, maki 7 yake ci a wasa, kaka ɗaya ya yi ciwon baya ya sa ya ajiye wasa a 2002. Gaskiya ne. Za su ce faɗuwar da Houston ta yi ce ta sa ƙuri'a ta faɗo mata ta ɗauki Yao Ming na Sin a 2002. Wannan ma gaskiya ne, sai dai ƙuri'a sa'a ce, ba wanda zai ce shi ya tsara ta. Za su kuma ce shi ya ƙi tayin da bakinsa, alhali Tim Duncan na San Antonio da Dirk Nowitzki na Dallas sun rage albashinsu da kansu suka tsufa a gidajensu, ɗaya shekara 19, ɗaya 21. To a nan nake so mu tsaya. Duncan da Nowitzki sun rage ne a gidan da ake gaya musu kullum cewa nan ne gidansu har ranar da suka ce sun gaji. Mutum yakan haƙura da kaɗan in an girmama shi. Amma a ce ana ta shelar zamaninka ya wuce, sannan a turo maka ragowar tukunya a ce karɓi ko ka bari, wane mai zuciya ne zai karɓa? Ke da kanki, in aka yi miki haka a gidan da kika gina, za ki ce na gode?

Ba ma a kansa aka fara ba. A 1992, yana tsakiyar ƙarfinsa, masu ƙungiyar suka zarge shi da ƙaryar ciwon cinya wai don yana neman ƙarin kuɗi, suka dakatar da shi, har ya ce a kai shi wani wuri. Da an biye wa fushin wannan lokacin an rabu da shi, da kofi biyun nan ba su zo ba. Haka mutanen New York suka yi da Patrick Ewing, shekara 15 yana yi musu bauta, jaridu da 'yan kallo suka dame shi da cewa ƙungiya ta fi gudu in ba ya ciki, a 2000 aka tura shi Seattle. Knicks ba ta sake tsallake ko zagaye ɗaya na wasannin fitar da gwani ba sai 2013. Shekara 13, jama'a!

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ladabin da ake yi bayan an gama. A Nuwamba 2002, wata 15 kacal da miƙa shi, Houston ta kira Hakeem ta yi masa biki, ta rataye rigarsa mai lamba 34 a saman zauren wasa, aka ce ba wanda zai sake saka lambar. Aka tashi tsaye ana tafi, wasu har da hawaye. A 2008 aka kafa masa abin tunawa na tagulla a ƙofar Toyota Center, kuma saboda addininsa bai yarda a sassaƙa siffarsa ba, sai rigar aka yi da sunansa da jerin abin da ya ci. Ga ƙwallo 3,830 da ya tare, wanda har yau ba a sami wanda ya kamo shi ba. Duk wannan karamci yana nan a ajiye ashe, amma a Agustan 2001 da ake buƙatar dala miliyan 5 don ya ƙare wasansa a gida, sai aka ce ya je Kanada ya sha sanyi da rigar wasu.